Daidaita tsohon maɗaurin takalmi a allon zamiya kan dusar ƙanƙara

1. Fara duba ramukan noti a jikin allon. In uku ne kamar duwatsun murhu, tsohon tsarin Burton 3D ke nan. In huɗu ne, 4x4 ne, tazararsu santimita 4. Faifan wannan, wato zagayen da ke ƙasan maɗauri wanda notuna ke haɗa shi da allon, ba ya hawa wancan.

2. Maɗauri marar bel, irin K2 Clicker na shekarun 1990, sai takalminsa mai ƙarfe a ƙasa. Kada ka wahalar da kanka da wani.

3. Zura takalmin, dunduniya ta dangana da bayan maɗaurin. Sassauta notunan, ka gusa faifan har gaba da bayan takalmin su leƙo gefen allon daidai wa daida.

4. Lanƙwasa bel ɗin tukuna, don tsohuwar roba kan tsage cikin sanyi. Ka ga tsaga, canza shi.

5. Ɗaure notunan da sukundireba, a hankali.