Kurakuran da mutanenmu suka fi yi a tafiyar jirgin ruwan shaƙatawa da iyali

A 'yan watannin nan mutum uku sun same ni a shagona nan Garwa da magana iri ɗaya. Sun ga hotunan katafaren jirgin ruwa a Facebook, mai hawa goma sha wani abu, da wurin iyo a samansa, suna so su kai iyali. Na zaunar da kowannensu na gaya masa abin da na sani. Biyu sun tafi, sun dawo, kuma kuskuren da na ja musu kunne a kai shi suka tafka. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta da idonsa, daga nan har Marwa, Kusiri da Njamena.

Na fara da wanda ya fi ƙona mini rai, domin ni ma na yi shi: sauka a garin da jirgin zai tashi a ranar da zai tashi. Mu mutanen arewa tafiyarmu hawa-hawa ce. Sai ka fara isa Yawunde ko Duwala, ko ta sama ko ka bi mota zuwa Ngawundare ka kwana a jirgin ƙasa, sannan ka hau jirgin dare zuwa Paris, daga can ka nemi hanyar bakin teku. Kowace gaɓa a nan tana iya tsinkewa. A tafiyata ta farko ina tare da uwargida, da yara uku, da mahaifiyata. Na duba takarda na ga za mu sauka Paris da asuba, jirgin ruwa kuma sai yamma zai bar Marsey, garin bakin teku a kudancin Faransa. Na ce me zai sa in biya otel na mutum shida? Jirginmu na dare ya yi jinkirin awa huɗu. Muka sauka wanda zai kai mu Marsey ya tafi. Muka bi jirgin ƙasa, muka isa tashar ruwa da la'asar sakaliya. Jirgin yana nan tsaye, ina ganinsa da idona, amma an rufe karɓar fasinja, domin ana rufewa awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi. Na yi magiya da Faransanci iya iyawata, na nuna musu tsohuwa a zaune kan akwati, suka ba ni haƙuri. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, bar roƙonsu haka, nemo mana inda za mu yi salla." Har yau in na tuna maganar nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Mun kwana a otel ɗin da na guje wa biya, a farashin wanda ya zo ba shiri. Kafin asuba muka ɗauki hayar mota zuwa Jenowa a Italiya, inda jirgin zai tsaya a gaba, tafiyar kusan kilomita 400, bayan na sha buga waya kafin a yarda mu hau daga can. Ba kowane lokaci ake yarda ba, kuma kwanan da ya wuce ba a mayar da kuɗinsa. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ne da za ka kira direba ka ce ga ka nan tafe. Mutum dubu huɗu ko biyar ne a ciki, tashar gaba kuma ta ba shi lokacin shiga. Ni dai tun daga ranar kwana biyu nake ba kaina, ba ɗaya ba. Wasu na cewa ɗaya ya isa. Ya ishi wanda yake zaune a Turai. Wanda ya taso daga bakin Binuwai da tsohuwa da yara, ya ƙara ɗaya, ko don akwatin da zai iya maƙalewa a hanya ya samu ya iso.

Sai takardu. Ɗan Kamaru da ɗan Chadi duk sai da bizar Shengen, wato ta yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, za su hau jirgin da ke zagaya Faransa, Italiya da Sifaniya. Tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Inda ake faɗawa rami shi ne biza mai shiga sau ɗaya. Idan jirgin zai tsaya a Tunis ko Kasabalanka ko Istambul, ka fita daga yankin ke nan, komawarka kuma shiga ta biyu ce. A bakin jirgi za a duba, a ce ba za ka hau ba, ko da ka rantse ba za ka sauka a garuruwan ba. Ka ɗauki jerin tasoshin ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka nemi biza mai shiga da yawa, ka kuma bincika abin da kowace ƙasar waje take nema. Fasfo ya rage masa wata shida bayan ranar dawowa, na kowa, har na jinjiri. Katin rigakafin shawara ya zauna tare da fasfo. Yaron da ba naka ba, ɗan ƙanwa ko ɗan riƙo, sai da takardar izinin iyayensa mai hatimin hukuma, domin "ai ɗana ne" irin namu ba ta aiki a can.

Mai ciki da za ta kai mako 24 kafin a gama tafiyar, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarta. Jariri ma da yawansu sai ya cika wata shida. A tambaya kafin a biya.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne zaton cewa tikiti ya gama komai. Wanda ya sayar maka zai ce ci da kwana duk a ciki, kuma gaskiya ya faɗa, rabinta. A cikin jirgi ba a taɓa kuɗi da hannu. Kowa ana ba shi kati, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma aljihu. Na raba wa yara nasu ban ce musu komai ba. Su kuma suka ga ana miƙa kati a ba su lemo, a miƙa a ba su askirim, a goga a jikin na'urar wasa ta kunnu. Me za su sani? Laifina ne da ban zaunar da su ba. A dare na biyar na nemi lissafi, na ga shafi uku. A kan abin da suka sha akwai ƙarin kashi 15 cikin ɗari na hidima, ruwan gorar da muke sha a ɗakin cin abincin dare ashe shi ma na saye ne, ga hotunan da mai hoto yake ta ɗaukarmu uwargida tana karɓa.

Bayan wannan akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, ko ya sayi abu ko bai saya ba. A jiragen Turai yana kaiwa wajen Yuro 12 ga babba, yaro rabin haka. Yi lissafi da kanka, Alhaji: manya uku da yara uku a dare bakwai, Yuro 378 ke nan. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, wato kusan sefa 248,000 kafin ka sha ko shayi na saye. Ba na ƙin biyan kuɗin nan, domin na ga yadda masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci suke aiki wata da watanni nesa da iyalansu. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya tarar da shi a daren ƙarshe yana ta faɗa da yarinyar da ke kan kanta, alhali yana rubuce a takardar da ya sa wa hannu bai karanta ba. Abin kunya ne, kuma na ga namu sun yi.

Yanzu ranar farko nake zuwa wurin karɓar baƙi in sa a rufe saye a katin yara. Kowane dare bayan isha'i ina duba lissafi a talabijin ɗin ɗaki. Kowa yana da gorarsa, ana cika ta da ruwan kyauta na wurin abincin ɗibi-da-kanka. Kafin in bar gida ina zuwa banki in tambayi iyakar abin da katina zai iya biya a waje, sannan in riƙe Yuro a hannu, domin sefa a bakin tekun Turai takarda ce kawai, kuɗin waya irin namu kuma ba a san shi ba.

Maganar waya: da zarar jirgi ya nisanci gaɓa, layinka zai kama na tauraron ɗan'adam, mai tsadar da ba ta da kai. Danna alamar jirgin saman nan ka bar ta haka. Masu son WhatsApp su sayi intanet na jirgin, ko su jira a sauka gari.

Hajiyoyi, ku yi mini haƙuri, amma turaren wuta ba ya shiga jirgi. Kasko, gawayi, kyandir, dutsen guga, butar lantarki, duk za a gan su a na'urar bincike a ƙwace. Abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro a teku wuta ce, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi. Humra da turaren fesawa sun wadatar na mako ɗaya. Kilishi ma, duk daɗin namu, dokar Tarayyar Turai ta hana fasinja shigo da nama da madara daga waje. Ni garin yaji kawai nake ɗauka a ƙaramin gwangwani, shi ke gyara mini abincinsu.

Abincin kuwa, kada ka dogara da ido. Akwai naman alade a yanka sirara cikin abin karin kumallo, akwai miyar da aka dafa da giya. A sanar da kamfani tun lokacin biya cewa ana son halal, a sake gaya wa shugaban masu kawo abinci a daren farko. Inda ban gamsu ba, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye nake ci. Wanda wannan ya dame shi sosai ya duba jiragen da ke tashi daga Jidda. Na AROYA, da Saudiyya ta ƙaddamar a Disamban 2024, ba a sayar da giya a cikinsa.

Na ga wani dattijo namu yana salla a jirgi yana fuskantar inda ya saba a gida. A Garwa alƙibla gabas ce maso arewa, a tekun da ke tsakanin Marsey da Barselona kuwa gabas ce maso kudu, jirgin ma yana juyawa. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa saboda ƙarfe, don haka ni taswirar da ake nunawa a talabijin nake dubawa in ga inda goshin jirgi ya nufa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe tara. Hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi, a zauna da malami kafin tafiya. A ɗauki buta ta roba, banɗakinsu ba shi da ita.

Atisayen ceto da ake yi kafin tashi, ban san me ya sa mutanenmu suke ɗaukarsa wasa ba. Sai ka ga magidanci ya tura yaro ya je a madadin kowa, shi yana kwance. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka mutu, kuma waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Bayan haka aka tsaurara doka, ya zama sai an yi kafin tashi ko da zarar an tashi. Ka tashi ka kai iyalinka wurin taruwarku da ƙafarka, kowa ya san harafin wurin, kowa ya gwada rigar ceto. Yawancinmu ba mu iya iyo ba. Haka wurin iyon yara: uwa ko uba ya tsaya a kai, kada a bar wa yayarsu mai shekara goma. Ɗaki mai baranda kuma, in akwai ƙaramin yaro, a janye kujera daga jikin shinge a kulle ƙofar.

Ɗaki ɗaya yawanci mutum huɗu yake ɗauka, babban iyali su nemi biyu masu ƙofa a tsakani tun da wuri. Mai jin jiri ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawan ƙasa, can ne girgiza ta fi sauƙi. Maganin hawan jini da na sukari na tsofaffi ya zauna a jakar hannu, domin akwati yana iya kai dare kafin a kawo shi ɗaki, likitan jirgi kuma da tsada. A wanke hannu da sabulu kafin kowane ci, cutar amai da gudawa tana saurin zagaya jirgi.

In an sauka yawo a gari, agogon jirgi ake bi, a dawo aƙalla awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta a bakin tsani. Wanda ya fita da kansa ya makara a kasuwa, tafiya za a yi a bar shi. A daren ƙarshe ana fitar da akwatuna bakin ƙofa a kwashe su, don haka a ware kayan sawa na safe da takalman yara da fasfo. Tikitin komawa kuma kada ya zama na safe. Ni na yamma nake saya, in da hali ma na washegari, Hajiya ta samu ta miƙe ƙafa kafin doguwar hanyar gida.