Yadda za ka gane zamanin tsohon gida daga bangonsa

Kawuna magini ne, ni nake miƙa masa tubali ina yaro. A wajensa na koyi cewa in kana son sanin shekarun gida kada ka fara da tambayar mai gidan, don kowa cewa zai yi kakan kakansa ne ya gina. Ka yi masa sallama dai, ka nemi izini, sannan ka bar idonka ya yi aiki.

Tsaya a bakin zaure ka auna kaurin bangon da kamunka. Ginin tubali gindinsa kauri ne da shi, yana sirancewa yana yin sama. Tubali da hannu ake cura shi, ƙasansa faɗi kansa tsini, a shanya a rana. In ka samu inda yaɓe ya zube ka ga bulon ƙasa mai kusurwa huɗu, wannan na baya-bayan nan ne, bayan zuwan Turawa ya yaɗu. Waiga kuma ka nemi kududdufin unguwar. Yawanci daga nan aka haƙo ƙasar ginin.

Zankwayen da ke kan kusurwa ba za su faɗa maka da yawa ba, tunda yanzu har da siminti ake zuba su a gidajen biki. Indararo ya fi su gaskiya: na ƙasa ko na itace ya girmi na kwano.

Yanzu shiga ciki ka ɗaga kai, nan ne maganar take. Itacen da ka gani jere a rufi azara ce, tsagin giginya, gara ba ta cika cinta ba. Sai dai ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta yi faɗi. Wannan matsalar ce ta haifi bakan gizo. Magini zai dasa azara a bango biyu, ya riƙa ɗaura wata kan wata, kowacce ta ɗan fi ta ƙasanta leƙowa, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Ƙirga bakunan. Zauren talaka ƙila babu ko ɗaya, na attajiri ko basarake za ka ga sun gitta juna. Wanda yake son ganin iyakar wannan sana'a ya je Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. An kewaye shi da sabon gini, amma bakunan suna nan a ciki. A Kano kuwa Gidan Makama, da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya ishe ka kwatance.

Adon fuskar gida shi ma shaida ne. Dagi tsohon zane ne. Amma in ka ga keke ko agogo ko mota, ai ka san ba a zana abin da ba a taɓa gani ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya biyo baya, kwano da siminti da fenti suka shigo gari.

Gidajen Nasarawa masu baranda a kewaye wani dangi ne daban. Asalinsu yankin Bengal na Indiya, Ingilishi suka ɗauko fasalin suka baza a ƙasashen da suka mallaka. Namu ya juya wa titi baya yana kallon tsakar gida, nasu yana kallon fili yana shan iska. Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, inda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, ginin ƙasa ne irin namu da Bature ya shiga, ni kam ya fi duk barandojin nan daɗin zama da rani.

Abu ɗaya zai iya ruɗa ka, shi ne filastar siminti. Ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. In ya yi amo kamar ƙwarya, ƙasa ce a ciki an yi mata riga. Mu ma mun yi wa zaurenmu haka, kawu yana ta hanawa, muna ganin tsufa ne ke damunsa. Ruwa ya samu tsaga ya shige, ya rasa hanyar fita. Damina ta uku wani falle ya ɓallo da asuba, kusan faɗin tabarma. A ƙarƙashinsa muka tarar da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, tana nan da duhunta, da rabin dagin da babu wanda ya tuna akwai shi a gidan.