Yadda ake cin dim sum, musamman ga ƴan Gombe masu zuwa Chana saro kaya

Ƴan uwa masu shirin tafiya Guangzhou, ko baje kolin Canton ne da ake yi sau biyu a shekara, wajen Afrilu da kuma Oktoba, ko kuma saro kayan waya da sola da tayil ne kawai, ku sani da wuya ku dawo Gombe ba a gayyace ku cin dim sum ba, don mutanen yankin Guangdong da Hong Kong da shi suke karrama baƙo, kuma ciniki da yawa a kan wannan teburin yake faɗawa. To gara mutum ya san kan abin tun daga gida.

Dim sum ƙananan abinci ne kala-kala da ake ci da shayi, daga safe zuwa bayan azahar kaɗan, yawanci turara su ake yi a cikin ƴan kwanduna na gora masu murfi, kamar dai yadda iyayenmu mata ke turara dambu a madambaci, kowane kwando guda uku ko huɗu ne a ciki. Shi ya sa ba a zuwa mutum ɗaya, ku haɗu ku huɗu ko biyar, a jera a tsakiyar tebur kowa ya ɗanɗana.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, maganar alade ce. Wallahi kar ka yarda da ido. Siu mai, wanda yake da baki a buɗe da fata rawaya, naman alade ne da jatan lande. Char siu bao, farin burodin nan mai laushi, gasasshen alade ne a cikinsa. Lo mai gai shinkafa ce mai danƙo a naɗe cikin ganye, za a ce maka kaza ce amma sau da yawa ana yanka tsiran alade a ciki. Har gow ma da kake hango jatan lande ta cikin fatarsa, wasu masu girki suna sa masa kitsen alade don ya yi taushi, haka ɓawon egg tart, ɗan kek ɗin nan mai zaƙi da ake cika cikinsa da haɗin ƙwai. Ga giyar girki da suke zubawa a nama, ga kuma kazar da ba ka san wa ya yanka ta ba. Kaga kenan cewa "a ba ni mara alade" bai wadatar ba, tunda tukunya ɗaya ce, hannu ɗaya ne.

Mafita ita ce tun farko ka zaɓi gidan abinci na halal. Ka sa a waya hoton alamar 清真, duk inda ka gan ta a ƙofa to gidan Musulmi ne. A Guangzhou ka tambaya a wajen masallacin Huaisheng ko unguwar Xiaobei inda ƴan Afirka suka fi yawa, sai dai ka lura yawancin shagunan halal na can taliya da gasasshen rago suke sayarwa, don haka ka faɗa musu dim sum kake nema. In kuma ka tsallaka Hong Kong to ka huta, akwai Islamic Centre Canteen a benen masallacin Ammar da ke Wan Chai, suna yin siu mai da sauran su da kaza da naman sa, ka yi sallarka a ƙasa ka hau sama ka ci. Idan mai masauki ne ya gayyace ka, ka gaya masa tun kafin ranar, ba abin kunya ba ne, yawancinsu sun saba da ƴan kasuwa Musulmi.

Da kun zauna abin da za a fara tambaya wane shayi kuke so. Ba madara ba suga fa. In abincin da maiƙo ne pu-erh ya fi sauka da shi, baƙi ne mai ɗan ƙamshin ƙasa, in baka iya shi ba ka ce jasmine. Kowane kai akwai kuɗin shayinsa a lissafi, kar ka ɗauka cuta ce. Za ka ga an ajiye roba ko kwano babba, mutane suna ɗauraye kofi da cokali da tsinken cin abinci da ruwan zafin suna juyewa a ciki, kai ma ka yi, kar ka sha.

Odar kuwa ya danganta da gidan, tsofaffin gidaje ana turo ƴar kura ka nuna abin da kake so a buga hatimi a katinka, wasu takarda za a ba ka ka yi maki da biro, yanzu ma da yawa da manhajar WeChat ake yi a waya. Kar ku cika tebur a tashi ɗaya, kwando biyu kowane mutum ya isa a fara, don abin turare in ya huce ya gama daɗi. In gidan halal ne ku gwada cheung fun na jatan lande, wato turararren ƙullun shinkafa da ake naɗewa kamar tabarma, da ƙafar kaza, ita kam tsotsewa ake a tofar da ƙashin a ɗan faranti.

Sai ladabi. Ka fara zuba wa na kusa da kai shayi kafin kofinka, babba a gaba. In an zuba maka, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya kenan. Ruwa ya ƙare a buta, ka buɗe murfin ka bar shi a karkace, mai sabis zai zo ya ƙara. Kar ka soke tsinke a tsaye cikin shinkafa, a wajensu yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci. In tsinken ya gagare ka ka nemi cokali mai yatsu, ba wanda zai kalle ka. Wanda ya yi gayyata shi ke biya, amma ka nuna kana son biya, in ya ƙi sai ka ce zama na gaba naka ne.