In kana zargin likita ya yi sakaci da majinyacinka, ga inda za ka bi

Mu dai nan Kaduna da abu ya faru a asibiti sai a ce haka Allah ya ƙaddara, a yi jana'iza ko a koma gida da ciwo shikenan. Ƙaddara gaskiya ce, amma fa ba ta hana a tuhumi wanda ya manta auduga a cikin mace bayan tiyata ba.

Da farko don Allah kar ka tada rigima a asibitin, kana marin nas kai za ka kwana a hannun ƴan sanda maganar asali kuma ta bi ruwa. Tattara takardu kawai, kati, rasit, sakamakon gwaji, hoton sikanin, takardar magani, har kwalin allurar in ka samu, ka rubuta rana da lokaci da wanda ya duba mara lafiyan tun ba ka manta ba. Nemi kwafin fayil a rubuce ka riƙe naka kwafin wasiƙar, sai ka kai wa wani likitan daban ya duba, don ba duk mutuwa ba ce sakaci, wani lokacin mu ne ma muka makara wajen kai shi.

In ya ce akwai ganganci, ƙorafi kan likita MDCN ake kaiwa, hukumar da ke ba likitoci lasisi, hedikwatarta na Abuja. Ba wasiƙa zalla ba, afidabit za ka yi ka rantse a kotu. Kwamitin bincike zai duba, in da hujja a tura likitan gaban tirabunal, wato kotun ladabtar da likitoci, suna iya jan kunne, dakatarwa ko soke lasisi gaba ɗaya. Nas da ungozoma su tasu hukumar daban ce.

Amma MDCN ba ta ba ka ko sisi, diyya sai babbar kotu, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami, in asibitin gwamnati ne akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, ana zaman makoki ana sulhun dangi lokaci ya wuce. Ga lauya da wuri, in babu kuɗi ka leƙa ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta.

Ka sa lauyan ya bincika ko asibitin na da inshorar kuskuren aiki, asibitocin da ke karɓar majinyatan NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, an wajabta musu. In akwai, kamfanin inshora ne zai biya diyyar, ba sai an bi likita ana neman motarsa ba.