Dabarar rage tsawon jimla

Jama'a, idan jimloli biyu suna da aikatau (wato kalmar da ke nuna aiki) iri ɗaya, ku rubuta shi sau ɗaya kawai.

Misali: "Malami ya ɗauki alli, ɗalibi littafi."

An cire "ya ɗauki" na biyu, waƙafi ya raba ɓangarorin biyu. Mai karatu zai cike gurbin da kansa, domin ɓangarorin biyu tsarinsu ɗaya: mai aiki a gaba, abin da aka ɗauka a baya. Kuna sauya jerin a ɓangare na biyu, dabarar ta rushe.

Ku kula sosai, aikatau ɗin dole ya dace da duka biyun. "Direba ya tuƙa mota, mahayi doki" kuskure ne, ba a tuƙa doki. A takardar yarjejeniya kuwa, ku rubuta komai a cike.