Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Dasa Bishiyar Wilo a Arewacin Kamaru

Wilo, wadda masu sayar da dashe suke kira saule pleureur da Faransanci, bishiya ce mai siraran rassa da suke zubowa ƙasa kamar tsefaffen gashi. Asalinta arewacin ƙasar Sin ne, inda ake sanyi mai tsanani, kuma rashin lura da wannan shi ne babban kuskuren masu dasa ta. Wanda ya kafa ta a tsakar gida a Marwa ko Kusuri, inda zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 kuma damina ba ta wuce 'yan watanni ba, wahala kawai ya saya wa kansa, domin bishiyar ba ta jure ƙishirwa. Tudun Gaundare, mai tsayin fiye da mita 1,000, ya fi dacewa da ita, shi ma a fadama ko bakin rafin da ba ya ƙafewa. A ganina, mai neman inuwa a Marwa gara ya dasa darbejiya ko maɗaci ya huta.

Ko an sami wuri mai damshi, sau da yawa akan matso da ita kusa da gini. Saiwoyinta ba sa nitsewa ƙasa sosai, yaɗuwa suke yi suna bin lema, har su kutsa cikin bututun ruwa ko shadda ta duk tsagar da suka samu. Gyaran shi ne a bar tazarar aƙalla mita 15 tsakaninta da gida, rijiya da magudanar ruwa. Idan an riga an dasa ta kusa, a cire ta tun tana ƙarama.

Akwai kuma masu yayyafa mata ruwa kaɗan kullum, wanda ba ya kaiwa ga saiwa. Ya fi kyau a yi mata gurbi mai faɗi, a shayar da ita har ƙasa ta jiƙa sosai, sannan a rufe kewayen gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ciyawar ta taɓa jikin itacen saboda gara. Shinge ma dole ne, don awaki ba sa raga wa ɗanyen ganyenta.

Itacenta yana da saurin karyewa, saboda haka barin ta ta yi kai biyu ganganci ne. Tun a shekarun farko a zaɓi reshe ɗaya miƙaƙƙe ya zama uwa, a datse sauran da wuƙa mai kaifi kafin iskar farkon damina ta yi wannan aikin da kanta.