Yadda za ka haɗa abin sha na gida da tsohon faifai

Turawa suna da wata al'ada, mutum ya zaɓi giyar da ƙananan masu sana'a ke dafawa ya zauna da ita yana jin tsohon faifan kiɗan rok da yake so. Mu dai giya ba tamu ba ce, amma dabarar tana aiki da zoɓo da kunun aya da shayi, kai ni a ganina ma namu ya fi daɗin haɗawa.

Abu na farko duba tsawon kiɗan. Kaset C-60 minti 30 ne kowane gefe, C-90 kuma 45, shi kuwa faifan garmaho irin na LP gefe ɗaya wajen minti 20 ne. To ka nemi abin shan da zai raka ka har ƙarshen gefen, ba wanda za ka kwankwaɗe a minti biyu ka zauna kana kallon kofi ba. Ko a waya kake ji da ƴar sifika ta bulutut, ka kashe shoful ɗin nan don Allah, bar waƙoƙin su zo yadda masu su suka jera su.

Rok mai nauyi na shekarun 1970, irin na su Led Zeppelin da Deep Purple, jita na ihu ganga na dukan ƙirji, wannan zoɓo yake so. Amma ba zoɓon leda da aka cika wa sukari da filebo ba, ka dafa naka da citta mai yawa da kanumfari, ɗan masoro kaɗan, sukari kuma ka rage hannu yadda tsamin zai fito ya ɗan kama maka maƙogwaro, sannan ya yi sanyi sosai.

Shi kuwa kiɗa mai tafiya a hankali sai shayi. Faifan ƙungiyar rok ta Pink Floyd na 1973, wato The Dark Side of the Moon, kusan minti 43 ne, ya shige gefe guda na C-90 cif, kuma waƙoƙin a manne suke da juna, ba a tashi a tsakiya. Nan shayin Buzaye ya dace, a kan gawayi, zagaye uku, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi, in ka ɗora buta kafin ka kunna za ka ga kiɗan da shayin kusan tare suke ƙarewa. Da hunturu bayan Isha'i, sanyin Samaru na shigowa ta taga, gaskiya ban san abin da ya kai shi ba.

Namu na gida ma haka. Kalangun Shata da amshin ƴan amshinsa fura da nono suke so, mai kauri, da rana bayan Azahar, illa dai kar ka cika ƙwarya don barci zai ɗauke ka kafin a juya kaset. Kuntigin Ɗan Maraya Jos abu ne siriri, tsirkiya ɗaya ce tak, kar ka danne shi da abu mai nauyi, ruwan tsamiya ko lamurje ya isa. Amadar Barmani Choge kuwa kunun aya da dabino da kwakwa, a sha ana dariya da jama'a, ba kiɗan zaman kaɗaici ba ne.

Sai dai kunun aya ba ya jira fa, in babu wuta ƴan awowi kaɗan ya fara tsami, don haka ka sayo ayar a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada ka jiƙa tun dare, ka markaɗa da safe, a sha a ranar. Ƙanƙara kuma a sa robar kunun a cikinta, kar a jefa ta cikin kunun ta tsinka shi.